Dokin Miliyan, Majayin Kwabo

A jihohin yammacin Amurka masu duwatsu, irin su Montana da Wyoming da Colorado, akwai wata muhawara da maharba ba su gajiya da ita. Baƙo zai zaci a kan bindiga ake yin ta ko a kan harsashi, alhali kuwa a kan wasu 'yan zobba biyu ce, waɗanda ke riƙe madubin hangen nesa a gadon bayan bindiga. Wani ya ce sai na baƙin ƙarfe, wani ya ce alminiyam ya wadatar, mai hannu da shuni ya ce titaniyam. Duk bambancin nauyin da ake wannan ja-in-ja a kansa bai kai nauyin wayar da ke aljihun mai karatu ba. Sai dai mutumin da zai kwana huɗu ko biyar yana hawa da sauka a kan dutse, da guzuri da tanti da bindiga a bayansa, yana neman ragon dawa guda ɗaya, shi ya san abin da giram ɗari ke nufi idan rana ta take.

Na san wani zai ce me ya haɗa mu da wannan, a ƙasar da ƙarar bindiga ta hana manomi zuwa gonarsa? Yana da gaskiya. Dokar makamai ta 1959 ba ta bar wa kowa damar riƙe irin wannan bindiga ba sai da lasisi, maharbanmu na gargajiya kuma da adaka da gwafa da kare suka saba, ba su da wata hulɗa da madubi. Abin da ya ja hankalina, a matsayina na mai koyar da kimiyyar haske, shi ne waɗannan mutane sun koyi wani abu game da gilashi ta hanyar asara, kuma gilashin da ke kan bindigarsu ɗan uwan wanda ke cikin madubin likita ne, da na'urar safiyo, da kyamarar ɗan jarida. Abin da suka koya shi ne madubi ba ya faɗin gaskiya sai in an zaunar da shi daidai, an kuma kiyaye fuskarsa. Mu nan mun iya sayen madubi. Zaunarwar da kiyayewar ne muke ɗauka aikin yara.

Bari mu fara da lissafi, domin shi ne ba ya son kai. A ce tazarar da ke tsakanin zobban nan biyu santimita 10 ce. Idan ɗaya daga cikinsu ya gusa gefe da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kamar kaurin silin gashin kai, to madubin ya karkace da kashi ɗaya cikin dubu. A nisan mita 100 wannan karkata ta zama santimita 10, a mita 300 kuwa ta zama santimita 30. Maharbin ya duba, ya ga alamar saiti a kan ƙirjin dabba, ya ja kunama da hannu marar rawa, amma harsashi ya tafi ya fasa mata ciki ko ya karya mata ƙafa. Dabbar ta shige daji da rauni, ta mutu bayan kwana biyu a inda ba wanda zai amfana da ita. Madubin da ya saya da tsada bai yi laifin komai ba, ya nuna masa abin da ke gabansa tar. Majayin ne ya kwance, kuma duk wanda ya taɓa hawan sallah ya san cewa tsadar doki da adon sirdi ba su hana mahayi faɗuwa idan majayi ya saki.

To me ke sa zobe ya gusa? Dukan da bindiga ke yi da baya. A daidai lokacin da harsashi ya fita, bindiga tana zabura baya da ƙarfi, shi kuwa madubi, kamar kowane abu mai nauyi, yana so ya tsaya inda yake. Zobban ne ke finciko shi su tafi da shi. Ƙarfin da suke ɗauka, kamar yadda Newton ya koya mana, nauyin madubin ne a ninka da saurin zaburar. A nan ne masu neman sauƙin kaya kan yi gudun gara su faɗa gidan zago. Bindiga marar nauyi ta fi mai nauyi zabura idan harsashi ɗaya ne. Saboda haka wanda ya sayi bindiga shafal, ya ɗora mata ƙaton madubi don ya hango nesa, sannan ya nemo zobba mafi sauƙi don ya rage nauyin da madubin ya ƙara, ya tara wa abu mafi rauni aiki mafi wuya. Masu hankali a cikinsu sukan rage girman madubin ne, su bar wa zobban ƙarfinsu.

Wannan ba ya nufin alminiyam abin rainawa ne. Santimita ɗaya murabba'i ta kowane ɓangare na baƙin ƙarfe tana da nauyin kusan giram 7.8, ta titaniyam 4.5, ta alminiyam kuwa 2.7 kacal, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Nau'in da ake kira 7075, wanda ake haɗa shi da tutiya kuma ake amfani da shi a jikin jiragen sama, ƙarfinsa ya kai na baƙin ƙarfen gama-gari. Rauninsa yana wurin zaren noti, wanda ke saurin cinyewa idan an matsa masa, da kuma yadda yake buɗewa a zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Zoben alminiyam da aka sassaƙa da kyau ya fi na ƙarfe da aka zuba a gurguje. Ingancin aikin ya fi sunan ƙarfen muhimmanci, kuma shi ne mai saye ba ya iya gani a hoton talla.

Akwai kuma batun ma'auni. A da, kowane kamfani da irin mazaunin da yake yi, har shimfiɗar kamfanin Weaver ta yi fice, mai tsage-tsage da faɗin kowace tsaga ya kai milimita 4.57, sai dai ba a ƙayyade tazarar da ke tsakaninsu ba. A shekarar 1995 rundunar sojan Amurka ta fitar da ma'auni guda, wanda aka fi sani da Picatinny, sunan wata cibiyar makamai a jihar New Jersey: faɗin tsaga milimita 5.23, daga tsakiyar wata zuwa tsakiyar ta gaba milimita 10.01. Daga nan zoben da aka ƙera a Jamus ya zauna a kan shimfiɗar da aka ƙera a Finland ba tare da an kai wa maƙeri ba. Kayan Weaver galibi suna shiga Picatinny, amma na Picatinny ba kasafai suke shiga Weaver ba, kuma bambancin bai kai milimita ɗaya ba. Mai gaggawa sai ya sa guduma.

Guduma, ko 'yar uwarta ƙarfin damtse, ita ce babbar cutar wannan sana'a, kuma a nan nake ganin fuskarmu sosai. Mun taso a kan cewa noti bai ɗauru ba sai ya yi ƙara. Duba yadda ake ɗaure tayar mota a bakin titi: yaro ya sa sufana, ya hau kanta da ƙafa biyu, ya yi tsalle. Jikin madubin bindiga siririn bututun alminiyam ne, faɗinsa inci ɗaya ko milimita 30 ko 34, a cikinsa kuma akwai wani ƙaramin bututu mai motsi wanda shi ke ɗauke da saitin. Yawancin kamfanoni suna cewa a ɗaure notunan zobe da ƙarfin da bai wuce kimanin mizanin Newton-mita 2 ba, abin da yatsu uku ke iya yi da ƙaramin sukundireba. Wanda ya zarce haka ya matse bututun waje, na ciki ya kasa motsi, sai ya koma yana zagin kamfani. Shi ya sa suke da sukundireba na musamman mai ɗan ƙara idan an kai iyaka, suna ɗaure notunan bi da bi, kaɗan-kaɗan, har ratar da ke gefen dama na zobe ta yi daidai da ta hagu.

Sauran saitin ba shi da wuyar fahimta. Ana barin tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin ido da madubi, in ba haka ba dukan bayan nan ya tsaga wa mutum gira. Ana daidaita alamar saiti ta miƙe tsaye da irin ma'aunin ruwa da magina ke amfani da shi. Sannan ana murɗa gilashin da ke kusa da ido har alamar ta fito fes ga idon mai shi, domin idon kowa da nasa awon. Wannan na ƙarshe yana nan a kan madubin likita mai ido biyu, kuma ɗalibai da yawa suna gama jami'a ba su san amfanin wannan zoben ba. Sukan rufe ido ɗaya su leƙa da ɗaya, su tashi da ciwon kai, su ce aikin ne haka.

Kada a zaci ƙananan mutane kaɗai ke faɗawa wannan rami. A ranar 24 ga Afrilun 1990 hukumar NASA ta harba madubin sararin samaniya na Hubble, wanda faɗin babban gilashinsa ya kai mita 2.4. Hotunan farko suka dawo da hazo. Bincike ya nuna an goge gefen gilashin ya wuce kima da kimanin maikuromita 2.2, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin talatin na kaurin gashi. Masu gugar sun bi abin da na'urar awo ta gaya musu sau da ƙafa. Na'urar awon ce aka zaunar da wani ƙaramin gilashi a cikinta ba daidai ba, da kuskuren milimita 1.3. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka saka masa abin da za a iya kira tabarau. Shekara uku da rabi ke nan, a kan tazarar da ba ta kai kaurin tsinken ashana ba.

Yanzu mu zo ga kiyaye fuskar gilashi, inda maganar ta iso ƙofar gidanmu.

Gilashi tsirara yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo a kan kowace fuska tasa. Na'urar da ke da gilasai goma tana da fuska ashirin, kuma in ka yi lissafi za ka ga fiye da rabin hasken ya salwanta kafin ya iso ido. A 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula, yana aiki da kamfanin Zeiss a garin Jena na Jamus, ya samar da hanyar shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke hana wannan asara. Shi ne launin shuɗi ko kore ko shunayya da kake gani yana walƙiya a fuskar kyamara ko tabarau. Kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ne. Wani babban kaso na kuɗin da aka biya a kan madubi mai kyau, wannan rufin aka saya, kuma shi ne abu na farko da gefen riga ke tafiya da shi.

Maharbin Montana yana fama da dusar ƙanƙara da raɓa. Mu kuwa muna da abin da ya fi su ɓarna. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan komai daga Maiduguri har Sakkwato. A cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin yashi, wanda a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yake mataki na 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6 yake. Ma'ana, yashi yana yanka gilashi. Duk wanda ya huro numfashi a kan tabarau mai ƙura ya goge da habar riga ko da tishu, ya sa masa takardar gurza katako ne bai sani ba. Karo ɗaya ba ya nunawa. Bayan hunturu biyu sai mutum ya ga fitilun motoci da dare sun yi masa gashi-gashi, ya koma wurin likitan ido yana cewa ganinsa ya ragu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan kam har a zahiri.

Ƙa'idar da maharban can da masu ɗakin gwaji na ƙwarai suka yi tarayya a kanta ita ce, kada komai ya taɓa gilashi sai ƙura ta tashi. A fara hure ta da ɗan famfon roba, ba da baki ba, domin numfashi yana tafe da yawu. A bi da lallausan buroshi da ba a taɓa gashinsa da yatsa. Sai a ɗiga ruwan wanke gilashi a kan takardar da aka yi don haka, ba a kan gilashin kai tsaye ba, a shafa a hankali daga tsakiya zuwa gefe, a jefar da takardar. Mafi kyawun guga kuma ita ce wadda ba a yi ba: murfi a kan gilashi, riga a kan na'ura, taga a rufe. Na sha ganin ɗakin gwaji da aka kashe wa miliyoyi, madubai a jere sababbi, amma rigunan roba da suka zo da su an tattara an jefa a sito tare da kwalaye tun ranar da aka buɗe.

Idan hunturu ya wuce, damina ta karɓa. Laima da duhu da rashin iska su ne abincin fumfuna, kuma tana tsirowa a cikin gilashi kamar saƙar gizo-gizo. Idan ta daɗe tana cin rufin nan har ta bar tabo da ba ya gyaruwa. Madubin bindiga mai kyau ana cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon a toshe, shi ya sa ba a so mai shi ya kwance shi don son ganin abin da ke ciki. Madubin likita ba a toshe yake ba. Maganinsa kabad mai ɗan ɗumi da ƙaramin ƙwan lantarki a ciki, ko kuma, tun da wutar tamu sai a hankali, akwati mai rufuwa ruf da ƙwayoyin silika masu shanye laima, irin waɗanda ake samu a ɗan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi. Nau'in da ke da launin shuɗi yana komawa ruwan hoda idan ya ƙoshi, a gasa shi a hankali ya dawo shuɗi, a mayar da shi bakin aiki.

Me ya sa na damu har haka? Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan suna nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Tun 2010 hukumar ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da magani, ko dai da ɗan katin gwajin gaggawa ko da madubin likita. Ƙwayar cutar a farkon girmanta wani ɗan zobe ne da bai wuce maikuromita ɗaya ko biyu ba, a cikin ƙwayar jini mai faɗin bakwai zuwa takwas. Ana ganin ta ne da gilashin da ke ninka abu sau 100, wanda sai an ɗiga masa mai na musamman. Idan aka tashi aiki ba a share man nan ba, ya bushe, ƙura ta manne, gobe ma'aikaci zai leƙa ta cikin hazo. Daga nan abu biyu ke faruwa. Ko dai ya kasa ganin cutar da ke nan, a sallami yaro da zazzaɓi a jikinsa, ko ya ga ɗigon datti ya rubuta an samu, a ɗora wa mutum maganin sauro alhali wani abu dabam ke cin sa. Maharbin can ya yi asarar rago. Mu abin da ke kan faifan gilashin jinin ɗan wani ne. Haka zancen yake a gwajin majinar masu tarin fuka.

Ra'ayina shi ne matsalar ta fi ƙarfin ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda sau da yawa ya san duk abin da na faɗa fiye da ni. Tana cikin yadda muke rubuta kasafi. Na'ura tana da farashi babba, ana iya ɗaukar hotonta ranar ƙaddamarwa, ana iya rubuta sunan mai girma a allo kusa da ita. Takardar goge gilashi, da kwalbar mai, da ƙwan fitila na ajiya, da tebur mai ƙarfi da ba ya rawa idan janareto ya tashi, da kuɗin kiran ƙwararre sau ɗaya a shekara, babu wanda ke yanka musu kirtani. Shi ya sa za ka tarar da sashe yana neman sababbin madubai ashirin alhali talatin na kwance a kabad, kuma rabinsu wanki da ƙwan fitila kawai suke bukata. Duk kwamitin saye da ya amince da na'ura ba tare da ya ga layin kuɗin kula da ita na shekara uku a takarda ɗaya ba, ya sayi doki ne ya bar majayi a kasuwa. Kuma ya kamata ma'aikacin da zai riƙe na'urar ya zauna a kwamitin, a saurare shi, ko da kuwa ba shi da digirin digirgir.

Wata ɓarnar kuma ita ce ta haɗe-haɗe. Idan madubi ya mutu, akan cire gilasansa a ɗaura wa wani, tun da zaren da yawa daga cikinsu iri ɗaya ne kuma suna shiga lafiya. Shiga dabam, dacewa dabam, kamar dai Weaver da Picatinny. A jikin kowane gilashi akwai rubutu: wani an rubuta 160, wato an ƙera shi don bututu mai tsawon milimita 160, wani kuma yana da alama mai kama da 8 a kwance, wanda tsarinsa dabam ne gaba ɗaya. Lambar 0.17 da ke biye kuma kaurin siririn gilashin da ake rufe samfuri da shi ne. In aka cakuɗa su hoto zai fito, amma ba wanda masu ƙirar suka nufa ba, kuma ɗalibin da bai taɓa ganin na ƙwarai ba zai ɗauka iyakar abin ke nan.

Ga ɗaliban kimiyya da na likitanci da ke karanta wannan shafi, akwai gwajin da za ku iya yi a mako mai zuwa, da izinin mai kula da ɗakin. Ku kwance gilashin da aka rubuta wa 40 a hankali, ku zare na wajen ido ɗaya ku juya shi baibai, sai ya zama muku madubin ƙara girma. Ku duba ƙaramar fuskar na 40 ɗin da shi a gaban taga. Wannan gilashin ba a yi shi don mai ba, amma shi ya fi kowane shan mai, domin yana gab da na 100, kuma duk wanda ya juyo da baya bayan ya ɗiga mai sai ya ratsa da shi ta ciki. Idan kun ga wani busasshen abu mai ruwan zuma ya kewaye bakinsa, ku nemi takardar goge gilashi da ruwan da kamfanin ya amince da shi, ku guji jiƙa shi da sinadarin zailin mai yawa domin yana narkar da gam ɗin da ke riƙe gilasan, ku wanke, ku mayar, sannan ku sake duba samfurin da kuka duba jiya.